Kafin ku saka yaronku a binciken motsa ƙwaƙwalwa na ADHD

Jama'a barkanmu, musamman iyayen da ke zaune a Ingila da Amurka, don asibitoci da jami'o'i kan turo muku takardar gayyatar shiga binciken motsa ƙwaƙwalwa da lantarki ko maganaɗisu idan an tabbatar yaronku yana da ADHD, wato lalurar nan ta rashin natsuwa da kasa maida hankali, wadda a gida muke cewa ƙiriniya ce kawai ko rashin ji, a yi ta dukan yaro alhali ba da gangan yake ba.

Da an ce za a sa wa yaro lantarki a kai sai gaban uwa ya faɗi, tana tuna shokin da ake yi wa masu tsananin taɓin hankali. Ba shi ba ne. Wanda ake kira tDCS ɗan lantarki ne kaɗan, miliyamp 1 zuwa 2, ana ɗora soso biyu masu jiƙa a kai na kamar minti 20 zuwa 30, mutum na zaune idonsa biyu, abin da zai ji bai wuce ƙaiƙayi ko ɗan zafi a fata ba. TMS kuma maganaɗisu ne, tun 2008 hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi don ciwon damuwa, amma ba don ADHD ba. Akwai kuma na'urar Monarch eTNS da ake manna wa yaro a goshi da dare yana barci, FDA ta ba ta izini a 2019 don yara 'yan shekara 7 zuwa 12 da ba sa shan magani, kuma gwajin da aka dogara da shi a jami'ar UCLA ta Amurka yara 62 ne kawai, na sati 4. Wasunsu sun samu ciwon kai, gajiya, yawan cin abinci.

To abin da nake so ku riƙe shi ne har yanzu ana bincike ne, ba a gama ba. A Brazil a 2022 an gwada tDCS a gida kan manya 64 aka ga natsuwarsu ta ƙaru, amma a King's College da ke Landan an gwada kan yara maza 50 ba a ga ya fi na bogi ba. Eh na bogi, don a irin wannan bincike ana raba mutane kashi biyu ta hanyar ƙuri'a, wasu a ba su na gaske wasu a sa musu na'urar da ba ta aikin komai, kuma ba za a faɗa muku ɓangaren da yaronku ya faɗa ba sai an gama, ta haka ne kawai ake gane ko abin yana aiki. Wanda ya shiga da niyyar ya samo waraka zai iya dawowa da ɓacin rai.

Na san dalilin da ya sa mutanenmu ke ɗari-ɗari, ba wanda ya manta gwajin Trovan da Pfizer ya yi a Kano a 1996 lokacin sanƙarau, kuma wannan tsoron ba wauta ba ne. Shi ya sa uwa, dan Allah ki zauna ki karanta takardar amincewa tsaf kafin ki sa hannu, in Turancin ya yi nauyi ki nemi tafinta, haƙƙinki ne. Ki tambaya wane kwamitin ɗa'a, wato masu kare haƙƙin waɗanda ake bincike a kansu, ne ya amince da binciken, wa za ki kira in wani abu ya faru cikin dare, kuma shin za a ce yaro ya dakatar da maganinsa na ADHD irin su Ritalin ne, don wannan shawara ce ta likitansa ba taku kaɗai ba. In yaro ya taɓa farfaɗiya ko yana da ƙarfe a kai ko na'urar ji da aka dasa masa, ku faɗa tun ranar farko, kar a ɓoye don a samu shiga.

Shi ma yaron a tambaye shi, in ya ce ba ya so a ƙyale shi. Kuna da damar fita duk ranar da kuka ga dama ba tare da an taɓa kulawar da asibiti ke ba shi ba. Su kuma na'urorin da ake tallatawa a intanet, wlh kar ku saya ku manna wa yaro da kanku a gida.