Auna Ingancin Littafi

Auna ingancin littafi shi ne hukuncin da mai karatu kan yanke bayan ya karanta littafi: ya yi kyau ko bai yi ba, kuma saboda me. Hukuncin kan fito da baki, ko a rubutaccen sharhi, ko ta makin taurari da ake bayarwa a intanet. A jami'o'i ana kiran wannan aiki tarken adabi, amma masu karatu sun daɗe suna yinsa tun kafin a raɗa masa suna.

Abin da ake dubawa

A ƙagaggen labari akan dubi jigo, da zubi da tsari, da salo, da yadda marubuci ya gina mutanen cikin labarinsa. A littafin ilimi kuwa sahihanci ne kan gaba: ina marubucin ya samo bayanansa, kuma hujjojin da ya kawo sun isa su tabbatar da abin da ya faɗa? Ma'auni guda ba ya wadatar da nau'o'in biyu. Wanda ya ɗauki littafin nishaɗi yana neman zurfin falsafa a ciki bai yi wa littafin adalci ba. Tambayar da ta dace ita ce abin da marubucin ya ƙudurta yi, da ko ya cim masa.

Malamin Bagadaza Ibn Ƙutaiba, wanda ya rasu a shekarar 889, ya kasa waƙa kashi huɗu: wadda lafazinta da ma'anarta duk suka yi kyau, wadda lafazinta ya yi daɗi amma in an bincika ba ma'ana a ƙarƙashinsa, wadda ma'anarta ta yi kyau lafazin ya gaza, da wadda ta rasa duka biyun. Kashi na biyu ne ya fi yaudarar mai karatu. Mutum kan kwana yana juya shafi cikin jin daɗi, washegari a tambaye shi abin da littafin ya ce, ya buɗe baki ya rasa ta cewa.

Wasu dabarun masu karatu

Mortimer Adler, masanin falsafa ɗan Amurka, a littafinsa na 1940 kan yadda ake karatu, ya sharɗanta cewa kada mutum ya ce ya yarda ko bai yarda da marubuci ba sai ya iya cewa ya fahimce shi. Nancy Pearl, ma'aikaciyar ɗakin karatu a Amurka, ta ba da shawarar a ba littafi shafi 50 kafin a ajiye shi. Wanda ya haura shekara 50 kuma ya cire shekarunsa daga 100, abin da ya rage shi ne adadin shafukan.

Makin taurari

Dandalin Goodreads, shafin intanet na masu karatun littattafai, wanda aka buɗe a 2007 kuma kamfanin Amazon ya saye shi a 2013, yana amfani da tauraro ɗaya zuwa biyar. Ma'anar da dandalin ya ba su ta tashi daga "bai burge ni ba" zuwa "ya ƙayatar matuƙa", tauraro uku kuma na nufin littafin ya yi wa mutum daɗi. Wato abin da ake aunawa jin daɗin mai karatu ne, ba ƙwarewar marubuci ba, kuma a nan ne gizo ke saƙa. Littafi kan yi nauyi ya gajiyar da mutum alhali gwanin aiki ne. Wani kuma a cinye shi a zama ɗaya alhali cike yake da kurakurai.

Matsakaicin maki ma yana ɓoye abubuwa. A ɗauki littattafai biyu masu maki 3. Na farko kowa uku ya ba shi, ba yabo ba fallasa. Na biyu rabin masu karatu sun ba shi biyar, rabi sun ba shi ɗaya. Lambar iri ɗaya ce, amma na biyun ya taɓa mutane har ya raba kansu, kuma sau da yawa shi ya fi cancantar a nema. Haka nan kashi na biyu ko na uku na jerin littafi kan samu maki mai yawa, domin galibi waɗanda na farkon ya burge ne suka ci gaba. Akwai kuma masu yin taron dangi su zuba wa littafi tauraro ɗaya ba tare da sun karanta ba, don haushin marubucinsa. Shi ya sa sharhin da ya faɗi dalili, ko da layi uku ne, ya fi lamba amfani.

Kyaututtuka da hukuncin zamani

Kyautar Nobel ta adabi, da aka fara a 1901, da kyautar Booker ta ƙagaggun labarai, da aka fara a 1969, hukuncin mutane ƙalilan ne da aka ɗora wa alƙalanci, su ma kuma da irin abin da ransu ke so. Hukunci kan sauya bayan an daɗe. Littafin Moby-Dick na Herman Melville ya fito a 1851 bai yi kasuwa ba, marubucin ya rasu a 1891 kusan an manta da shi. Sai a shekarun 1920 manazarta suka waiwaye shi, suka sa shi cikin manyan littattafan Amurka.