Waiwaye: Yadda asfirin ya tashi daga maganin ciwon kai ya koma maganin gudan jini

Kamfanin Bayer na Jamus ya fara sayar da asfirin a 1899, amma sai da aka shafe shekara saba'in ana sha kafin a gane abin da yake yi wa jini. Ilimin ƙwayoyin da ke tsayar da jini, wato filatlet, shi ne ya makara.

Giulio Bizzozero na Italiya ne ya nuna a 1882 cewa su ne ke fara taruwa a bakin rauni. A 1906 James Homer Wright ya gano cewa ɓarɓashi ne da ke ɓallewa daga wasu manyan ƙwayoyi na ɓargo. Ba su da cibiyar da ke ɗauke da tsarin gado, kuma kwana 7 zuwa 10 suke yi a jini.

An daɗe ba ingantacciyar hanyar auna dunƙulewarsu, sai a 1962 da Gustav Born ya haɗa na'urarsa a Landan. Har yau da ita ake koyar da ɗalibai. Ana zuba kashi 9 na jini a kan kashi 1 na sinadarin sitiret mai hana jini daskarewa, a juya a inji a hankali na kimanin minti 10. Ruwan da ya taso sama yakan yi dishi-dishi kamar ƙasari, don cike yake da filatlet. Sai a ɗumama shi zuwa digiri 37, ana motsawa, a haska fitila ta cikinsa, a ɗiga sinadarin ADP, wanda ke sa filatlet dunƙulewa. Da zarar ƙwayoyin sun dunƙule, ruwan ya washe, haske ya ƙara ratsawa. Aiki ne mai son kula: in aka sa jinin a firji, ko aka sha wahalar samun jijiya, ko ya wuce awa 4, ƙwayoyin sun riga sun farka ko sun gaji, sakamakon ya zama na banza.

Daga nan bincike ya kankama. A 1967 Harvey Weiss ya nuna asfirin na hana dunƙulewar. A 1971 John Vane ya gano yana toshe hanyar haɗa furostagilandin, sinadaran da ke da hannu a ciwo da kumburi, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 1982. A 1975 Hamberg da Samuelsson na Suwidin suka gano turomboksen, sinadarin da ke fitowa ta wannan hanyar, wanda filatlet ke fitarwa don kiran 'yan'uwansa.

Asfirin na kashe enzayim ɗin, wato sinadarin da ke aikin haɗa turomboksen, kisan da ba tashi, filatlet kuwa ba shi da cibiyar da zai ƙera sabo. Shi ya sa miligiram 75 zuwa 100 a rana ya wadatar, shi ya sa kuma likitan tiyata ke tambayar yaushe aka sha na ƙarshe. Ibuprofen kuwa, in an riga an sha shi, yana iya tare wa asfirin hanya.

Gwajin ISIS-2 na 1988, mai majinyata sama da 17,000 masu bugun zuciya, ya nuna asfirin ya rage mace-mace da kusan kashi 23 cikin ɗari. Sai masu lafiya ma suka ɗauka, abin da hujja ba ta kai ba. Gwajin ASPREE na 2018 a kan tsofaffi masu ƙoshin lafiya bai ga ƙarin tsawon rai ba, sai ƙaruwar zubar jini mai tsanani, musamman a ciki da hanji.