Blade II da Yadda Masu Kallo Suka Karɓe Shi

Blade II fim ne na faɗa da ban tsoro da kamfanin New Line Cinema na Amurka ya fitar ranar 22 ga Maris, 2002. Shi ne kashi na biyu na labarin Blade, mafaraucin mashaya jini, wanda kashinsa na farko ya fito a 1998. Guillermo del Toro, ɗan ƙasar Meziko, shi ya ba da umarni, David S. Goyer ya rubuta labarin, Wesley Snipes kuma ya koma matsayinsa na jarumin fim. A cikin finafinai uku da aka yi a kan Blade, wannan ne ya fi kawo kuɗi, kuma shi ne aka fi ja-in-ja a kansa. Tun ranar da ya fito masu kallo suka rabu: wasu suka ce ya fi na farko nesa ba kusa ba, wasu suka ce an sayar da labari an sayo dodanni.

Asalin jarumin

Mashayin jini a tatsuniyoyin Turai gawa ce da ta ƙi kwanciya, tana fita da dare tana tsotse jinin masu rai, duk wanda ta ciza kuma ya zama irinta. Ya sha bamban da maye a al'adar Bahaushe, domin shi maye rayayyen mutum ne da ake zargin yana kama kurwa. Littafin Dracula na Bram Stoker, wanda aka buga a 1897, shi ya fi yaɗa wannan siffa a duniya.

Blade ya fara bayyana ne a 1973, a mujallar labaran zane ta kamfanin Marvel mai suna The Tomb of Dracula, fitowa ta 10, daga alƙalamin Marv Wolfman da zanen Gene Colan. A finafinan, mashayin jini ne ya ciji mahaifiyarsa tana da cikinsa, sai aka haife shi da ƙarfin mashaya jini amma rana ba ta ƙona shi. Ƙishirwar jini ce kaɗai ta bi shi, ita ma yana danne ta da allura. Fim ɗin 1998, wanda Stephen Norrington ya ba da umarni, ya tara kusan dala miliyan 131 a duniya, a lokacin da Hollywood ba ta ɗauki jaruman Marvel da muhimmanci ba. Saboda haka kashi na biyu ya tarar da masoya suna jiransa, kuma kowa da abin da yake son ya sake gani.

Abin da fim ɗin ya ƙunsa

An ɗauki fim ɗin a 2001 a birnin Prag na Jamhuriyar Cek. Labarin ya buɗe da wani baƙo mai suna Jared Nomak, kodaɗɗe, mai tabo a haɓa, ya shiga wurin karɓar jini a cikin birnin. Ma'aikatan wurin suka ɗaure shi a kujera suna ganin sun samu nama, ashe shi ne ya zo farautarsu. Nomak shi ne na farkon wani sabon jinsi da ake kira Reapers, waɗanda ke cin mutane da mashaya jini baki ɗaya. Saɓanin sauran mashaya jini, azurfa ba ta kama su, tafarnuwa ba ta yi musu komai, zuciyarsu tana cikin ƙoƙon ƙashi. Hasken rana kaɗai ke kashe su.

Da abin ya ishi sarkin mashaya jini, Eli Damaskinos, sai ya aika 'yarsa Nyssa ta nemi sulhu da Blade. Aka haɗa shi da wata runduna mai suna Bloodpack, wadda ta yi shekara biyu tana samun horo don ta kashe shi. A ƙarshe gaskiya ta fito: Nomak ɗan Damaskinos ne, uban ne ya sa aka yi gwaji a jikinsa don neman jinsin da ba shi da rauni, da gwajin ya lalace ya yar da shi.

Kasuwa

An kashe kimanin dala miliyan 54 wajen shirya fim ɗin. A ƙarshen makonsa na farko ya tara kusan dala miliyan 32 da rabi a Amurka da Kanada, ya ture Ice Age daga matsayi na ɗaya. Wannan adadi ya kusa ninka abin da fim na farko ya buɗe da shi, alhali an ba shi matakin R, wato yaro ɗan ƙasa da shekara 17 ba ya shiga sai da babba. A mako na biyu kasuwar ta faɗi da fiye da rabi, Panic Room ya karɓe matsayi na ɗaya. Haka finafinai masu riƙaƙƙun masoya suke yi: masu so sun yi cincirindo a daren farko, sauran jama'a ba su biyo baya da yawa ba. Jimillar abin da ya samu ta kai kusan dala miliyan 82 a gida, kusan miliyan 155 a duniya.

Wani abu ya faru a wannan ƙarshen mako da ya dace a tuna. Ranar Lahadi 24 ga Maris, 2002, Denzel Washington da Halle Berry suka lashe kyautar Oscar ta gwarzon ɗan wasa da gwarzuwar 'yar wasa, aka kuma karrama Sidney Poitier, dukkansu baƙar fata. A daidai wannan lokaci fim ɗin da ke kan gaba a kasuwar Amurka na jarumi baƙar fata ne, shekara goma sha shida kafin Black Panther, fim ɗin Marvel mai jarumi baƙar fata.

Kamfanin CinemaScore, wanda ke tambayar masu kallo ra'ayinsu a daren da fim ya fito, ya ba shi sakamakon B+.

Abin da ya kama zukatan masu kallo

Idan aka tambayi wanda ya kalli fim ɗin abin da ya fi tunawa, da wuya ya ambaci takobin Blade kafin ya ambaci bakin Reapers. Tabon nan na haɓa ashe layi ne. Idan dodon zai ci, sai haɓar ta tsage gida biyu, kowane ɓari ya buɗe gefe da haƙori a bakinsa, wani abu mai kama da harshe ya fito daga maƙogwaro ya kafe a wuyan wanda aka kama. Kafin wannan fim, mashayin jini a sinima yawanci kyakkyawa ne, mai tsafta, mai iya magana, wanda ake jin tsoronsa ana kuma sha'awarsa. Del Toro ya cire wannan kwalliya, ya mayar da shi dabba mai ɗauke da cuta, mai jin yunwar da ba ta ƙarewa.

Bai tsaya a nuna bakin daga nesa ba. Akwai wurin da aka shimfiɗe gawar ɗaya daga cikinsu a kan tebur, Nyssa ta buɗe ƙirjin tana bayani kamar likita: ga ƙashin da ya lulluɓe zuciya, ga inda dafin yake fitowa. Aka ɗiga jini a ciki, sai kayan cikin suka motsa suna neman abinci, ko da yake ƙwaƙwalwa ta riga ta mutu. Masu son finafinan tsoro sun ɗauki wannan fitowa da daraja, domin ta nuna an zauna an yi tunanin yadda halittar take aiki tun daga ƙashi har jijiya. An haɗa kwalliyar roba da 'yan tsana masu motsi da aikin kwamfuta, har ya zama da wuya ido ya gane inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara. Mike Mignola, wanda ya ƙirƙiro jarumin labaran zane Hellboy, yana cikin masu zanen da suka tsara kamannin fim ɗin.

Na biyu shi ne Nomak kansa. Luke Goss, wanda ya fito a matsayin, makaɗi ne da Ingila ta sani a ƙungiyar waƙa ta Bros a ƙarshen shekarun 1980, don haka da yawa ba su zaci wani abin kirki daga gare shi ba. Sai ya fito da mugu mai ban tausayi, ɗa da mahaifinsa ya zalunta. A faɗan ƙarshe, bayan Blade ya soke shi ta gefen ƙirji inda ƙashin bai rufe ba, Nomak ne da kansa ya kama guntun takobin ya ƙarasa tura shi cikin zuciyarsa. Masu cewa fim ɗin ba shi da labari sukan tsallake wannan wuri, alhali nan ne nauyinsa yake. Haka ma mutuwar Nyssa: ɗan'uwanta ya cije ta, ta roƙi Blade ya fitar da ita ta ga fitowar rana sau ɗaya kafin ta rikiɗe, ya ɗauke ta ya fita da ita, ta zama toka a hannunsa.

Ron Perlman ma ya samu yabo a matsayin Reinhardt, ƙato mai raina Blade, wanda Blade ya manna wa nakiya a ƙeya tun haɗuwarsu ta farko. Kundin waƙoƙin fim ɗin ya haɗa mawaƙan gambarar zamani da masu kiɗan na'ura bibbiyu, irin su Mos Def da Massive Attack, da Eve da Fatboy Slim, da Redman da Gorillaz.

Ƙorafe-ƙorafe

Ƙorafin da ya fi daɗewa a bakin mutane shi ne na aikin kwamfuta a wuraren faɗa. A fitowar da Nyssa da abokin tafiyarta Asad suka kutsa maɓoyar Blade sanye da baƙaƙen kaya, ana faɗa a gaban jerin fitilu masu ƙarfi, akwai 'yan daƙiƙoƙi da aka sauya 'yan wasan da surar kwamfuta. Jikkunan suna lanƙwasa kamar roba, ba nauyi, ba ƙashi. Masu kallo sun gani nan take, suka ce kamar wasan bidiyo. Abin ya fi ciwo saboda Snipes gwanin kareti ne na gaske, ba ya buƙatar a zana shi. Del Toro bai musa ba. A sharhin da ya yi a faifan DVD ya nuna shi ma bai gamsu da wasu daga cikin waɗannan hotuna ba, kuma wannan faɗin gaskiya ya ƙara masa farin jini a wurin masoya.

Sai maganar Whistler, dattijon da ya raini Blade, wanda Kris Kristofferson ya fito a matsayinsa. A fim na farko an bar shi da bindiga cikin jini, aka ji ƙarar harbi, kowa ya ɗauka ya mutu, kuma mutuwar ce ta ba fim ɗin ciwo. Kashi na biyu ya ce bai mutu ba, mashaya jini sun tsare shi a cikin tankin jini, allura ɗaya da dare ɗaya suka warkar da shi. Masoyan fim na farko da yawa sun ji an yi wasa da hankalinsu. Sun kuma lura cewa Dakta Karen Jenson, likitar da N'Bushe Wright ta fito a matsayinta, ta ɓace daga labarin gaba ɗaya.

Masu bin finafinan Hong Kong nasu ƙorafin daban ne. Donnie Yen yana cikin rundunar Bloodpack a matsayin Snowman, yana kuma cikin waɗanda suka tsara faɗan fim ɗin, amma fitowarsa kaɗan ce, kuma bai taɓa gwabzawa da Snipes ba. Bayan Ip Man ya fito a 2008 sunan Yen ya cika duniya, wannan ƙorafi ya ƙara ƙarfi, kuma ƙorafi ne mai hujja. Salon kokawar talabijin da aka cusa a faɗan, irin ɗaga mutum a maka shi da ƙasa ta baya ko a diro masa da gwiwar hannu, shi ma ya raba kan jama'a: wasu suka yi ihu da tafi, wasu suka ce bai dace da Blade ba.

A ƙarƙashin duk waɗannan akwai saɓani ɗaya. Fim na farko na titunan birnin Amurka ne, mai sanyin launi, da mugu matashi mai izza, wato Deacon Frost na Stephen Dorff. Na biyu ya koma magudanan ruwa da tsofaffin gine-ginen Turai, launinsa ruwan zuma da shuɗi, ya karkata ga ban tsoro. Wanda ya zo neman na farko ya tarar da wani gida daban.

Masu sharhi

Su ma kansu bai haɗu ba. A ma'aunin Rotten Tomatoes, shafin intanet da ke tattara ra'ayoyin masu sharhi, waɗanda suka yaba sun ɗan haura rabi kawai. Yawancin masu suka sun amince faɗan ya yi kyau, amma suka ce labarin siriri ne kuma ba a gina halayen mutanen ciki ba. Roger Ebert na jaridar Chicago Sun-Times ya tsaya a ɗaya gefen: ya ba shi tauraro uku da rabi cikin huɗu, sama da ukun da ya ba fim na farko, yana yaba yadda del Toro ya ƙware wajen ƙirƙirar abin ƙyama mai ɗaukar ido.

Bayan shekaru

Abu biyu suka ɗaga darajar fim ɗin daga baya. Na farko Blade: Trinity, wanda ya fito a Disamba 2004, Goyer ya ba da umarni da kansa, aka shigo da Ryan Reynolds da Jessica Biel. Masu sharhi suka yi masa kaca-kaca, masoya suka ce an mayar da Blade baƙo a fim ɗinsa, kuɗin da ya kawo kuma bai kai na kashi na biyu ba.

Na biyu shi ne ɗaukakar del Toro. Nasarar Blade II ta taimaka masa ya samu damar yin Hellboy a 2004 da Perlman a matsayin jarumi, sannan Pan's Labyrinth a 2006, har The Shape of Water ya ba shi Oscar ta gwarzon darakta a 2018. Masu kallo suka riƙa komawa Blade II suna neman sawun hannunsa, suna kuwa samu: gawarwaki a kwalaben gwaji, hanyoyin ƙarƙashin ƙasa, uba mai cutar da 'ya'yansa, dodo mai ban tausayi. Mashaya jinin da ke cikin The Strain, littafin da ya rubuta tare da Chuck Hogan a 2009 wanda ya zama shirin talabijin a 2014, 'yan'uwan Reapers ne na jini. Goss ya sake aiki da shi a Hellboy II a 2008. Norman Reedus, wanda ya fito a matsayin Scud, yaron Blade da ya ci amanarsa, ya shahara daga 2010 a The Walking Dead, masoyansa su ma suka juyo neman tsohon fim ɗin.

A 2019 Marvel ta sanar cewa Mahershala Ali zai zama sabon Blade, amma aikin ya yi ta samun jinkiri da sauyin daraktoci. Snipes ne ya riga shi dawowa, a Deadpool & Wolverine na 2024, bayan kusan shekara ashirin da ajiye takobin. An ɓoye labarin fitowarsa har ranar da aka fara nuna fim ɗin, kuma a gidajen sinima da dama, yana bayyana aka kaure da tafi da sowa.