Tsuntsun kurmi mai dogon bindi: tambayoyin da ba sa ƙarewa

Wane tsuntsu ne wannan?

Wanda masana ke kira Terpsiphone viridis. Kansa baƙi ne mai sheƙi da ɗan tukku, bayansa ja-ja, baki da kewayen ido shuɗi. Nauyinsa bai kai giram 20 ba.

Gero zan zuba masa ko dawa?

Ko ɗaya. Ƙwari yake ci: ƙuda, shinge, asu, ƙananan malam-buɗe-littafi. Ku dubi bakinsa mana, mai faɗi ne da 'yan gashi masu tauri a gefe, ba na fasa tsaba ba. Yana kan reshe zai zabura ya cafke ƙwaro a iska, ya koma ya zauna.

Na ga wani fari, iri daban ne?

Iri ɗaya ne. Wasu mazan farare ne, wasu jajaye. Mace kuwa ba ta da dogon bindin, kada a ce an fige ta.

Na tsinci ɗansa a ƙasa, yaya zan yi?

To, a nan ake ɓarna da sunan tausayi. Kafin ka kai hannu, duba jikinsa. In gashi ya rufe shi, yana tsalle, yana iya kama reshe, mai yiwuwa lokacin fitarsa ne ya yi, don 'ya'yan kan bar sheƙa kafin su cika mako biyu, tun ba su ƙware a tashi ba. Iyayen na kusa, suna jiran ka gusa. Ɗora shi kan reshe mai inuwa inda mage ba za ta kai ba, ka ja da baya sosai, ka ba su kamar awa ɗaya ko biyu.

In kuwa tsirara yake, nemi sheƙar. 'Yar ƙarama ce kamar kofin shayi, a mararrabar reshe siriri, an saƙa ta da zaren ciyawa an ɗaure da yanar gizo-gizo. Mayar da shi ciki. Zancen wai uwa za ta ƙi shi saboda warin hannunka, ka kwantar da hankalinka, ba haka ba ne.

Sai in sheƙar ta lalace, iyayen kuma ba su dawo ba, sannan ake maganar reno, shi ma ba alkawari. Fara da ɗumi, musamman a sanyin daminar Jos: kwali, tsumma mai laushi, kwalbar ruwan ɗumi a gefe. Abinci kuwa ƙwari masu taushi, gara ko ƙaramar fara da aka cire wa ƙafafu, kusan kowane minti 20 zuwa 30 daga wayewar gari har magariba. Ban da madara, ban da koko, kuma don Allah a daina ɗiga musu ruwa a baki, yana bin maƙogwaro ya shiga huhu. Ko an yi komai daidai, da yawa ba sa rayuwa.

Zan iya sa babba a keji?

A'a. Wa zai riƙa kamo masa ƙuda yini guda?

A ina zan gan shi?

Da damina, lokacin da yake sheƙa, a kurmin bakin rafi da tsofaffin lambuna masu inuwa. Dajin Amurum da ke Laminga, gabas da Jos, inda cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI take, wuri ne mai kyau. Ku je da sassafe, ku nemi izini kafin ku shiga, yara kuma su bar danƙo a gida.