Tallafin zuwa taro ko kwas na fisiyoloji a ƙasar waje: ga amsoshin, a daina tare ni a baranda

Kusan kowane mako sai wani ƙaramin malami ko ɗalibin digiri na biyu ya tsayar da ni da tambayoyi iri ɗaya a kan tallafin zuwa taro ko kwas na fisiyoloji, wato ilimin yadda sassan jiki ke aiki. Na tattara su a nan. Wanda ya sake zo mini da ɗaya daga ciki, nan zan turo shi.

Malam, wa ke bayar da kuɗin?

Galibi ƙungiyoyin masana. Akwai IUPS, uwar ƙungiyoyin fisiyoloji ta duniya, wadda ta yi babban taronta a Rio a 2017 da Frankfurt a 2025. Akwai ƙungiyar masana fisiyoloji ta Ingila da aka kafa a 1876, da takwararta ta Amurka ta 1887. Mai bincike a kan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ya nufi IBRO, ƙungiyar binciken ƙwaƙwalwa ta duniya, tana da kwamitin Afirka da ke ɗaukar nauyin kwasa-kwasan horo a nahiyar. A gida kuma TETFund, asusun gwamnatin Najeriya na tallafa wa manyan makarantu.

Ni ɗalibi ne, TETFund za ta ba ni?

A'a. Ta ma'aikatan manyan makarantun gwamnati ce, kuma ta hannun makarantarka ake bi.

Dole sai na zama mamban ƙungiya?

Akasari. Wasu ma sai rajistarka ta daɗe. Ka yi ta tun bana, ba ranar da ka ga sanarwa ba.

An aiko mini da gayyata ta imel, an yabi aikina, an ce in biya dala.

Kada ka biya. Taron da ya yaba maka alhali ba ka tura masa komai ba, aljihunka yake nema. Ka duba ko wata sananniyar ƙungiya ce ta shirya shi.

Na samu tallafin, amma an ce sai na dawo za a biya ni, ga shi ba ni da kuɗin tikiti. Yaya zan yi?

A nan ne mutanenmu ke shiga uku, don haka a karanta da natsuwa. Tallafi da yawa ramawa ce: ka kashe naka, ka kawo rasit, a mayar maka. Kuma sau tari ba ya ɗauke komai, wani ƙayyadajjen adadi ne da zai iya ƙarewa a tikiti kaɗai.

Abin farko, ka rubuta wa masu shirya taron kai tsaye, ka gaya musu halin da ake ciki ba tare da jin nauyi ba. Wasu sukan sayi tikitin da kansu, wasu su yafe kuɗin rajista ko su kama maka ɗaki. Wasu dokarsu ba ta yarda ba, sai ka haƙura. Ya danganta da ƙungiyar, wani lokacin ma da wanda ya karanta saƙonka.

In sai an ci bashi, to kada a ci kafin biza ta fito. Wani ƙanina a wurin aiki ya kwashi adashinsa, ya sayar da babur, ya sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa, sannan aka hana shi biza. Tallafin bai biya ko sisi ba, tunda bai je ba. Na ga lokacin da ya shigo da fasfo a hannu, ya zauna ya kasa magana. Har yau abin yana damuna, don da ya tambaye ni da na hana shi.

Bizar Schengen, wadda ake shiga yawancin ƙasashen Turai da ita, yuro 90 ce tun 2024, ana buƙatar inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000, kuma ana iya nema tun saura wata 6 tafiya. Ka tambaya a rubuce ko tallafin ya haɗa da waɗannan. Ka tambayi da wane kuɗi za a biya ka, domin in ka ranci naira aka rama maka da fam bayan wata uku, canji na iya taimakonka, yana kuma iya karya ka. Idan lissafin ya ƙi fita, ina ganin gara ka nemi a ɗaga maka ko ka gabatar ta intanet in akwai dama, ko da yake ba kowane tallafi ne ke yarda da hakan ba. In ka tafi, kowane rasit da guntun takardar shiga jirgi su shiga ambulan ɗaya, ka kuma ɗauki hotonsu da waya.

Ba ni da sakamakon bincike tukuna.

To ka bar taro, ka nemi kwas. Taro yana son taƙaitaccen bayanin aikin da ka gama, kwas kuwa koyo za ka je yi.

Ban taɓa fita ba, anya za su dube ni?

Kwantar da hankalinki, ƙanwata, ke da kika fi kowa yi mini wannan tambayar. Don irinku aka ware kuɗin. Ki faɗi fasahar da za ki koyo da abin da za ki yi da ita a ɗakin gwajinku, ki bar dogon labarin talauci. Ba ma lalle sai Turai ba: cibiyar BioRTC da ke Jami'ar Jihar Yobe a Damaturu tana horar da matasan masu bincike, ki fara daga nan.

Za ka duba mini takardata?

Zan duba, in ta zo saura mako biyu a rufe. Daren rufewa kuwa, a'a.