Kafin Damina Ta Cika Kududdufinka

'Yan uwa masu kiwon kifi da masunta, akwai tambayar da nake yawan sha a wurin taro: mene ne laifi idan kifin kududdufi ya tsere ya shiga kogi, ai duk kifi ne? Amsar tana da tsawo, don ta faro tun zamanin ƙanƙara.

Kimanin shekara 20,000 da suka wuce, ƙanƙara ta lulluɓe arewacin Turai da Kanada. Mu nan ba ta sauko mana ba, fari ne ya zo a madadinta. Koguna suka yanke, kifaye suka maƙale a 'yan gulabe, kowane rukuni yana haihuwa a tsakaninsa har ya samu nasa halin jure zafi ko cuta. Da ruwa ya dawo, Tafkin Chadi ya tumbatsa har ya kai wajen murabba'in kilomita 350,000, hanyoyin ruwa suka haɗe, dangin da suka daɗe a rabe suka sake cuɗanya. Shi ya sa tarwada da karfasa da giwan ruwa suke a Neja da Binuwai da Chadi har Nilu.

Dubi Tafkin Victoria da ke Gabashin Afirka. Ya ƙafe, sai wajen shekara 15,000 baya ya sake cika, amma ya fitar da dangin karfasa sama da iri 500. Wani bincike na 2017 ya nuna kakanninsu ruwa biyu ne, jinin kifin Kogin Kwango da na Nilu. To, a shekarun 1950 aka zuba giwan ruwa a tafkin, ya haɗiye iri kusan 200. Aikin dubban shekaru, mutum ya rushe shi cikin talatin.

Yanzu mu dawo gida. Kifin da ake haɗawa tsakanin tarwada da ramboshi yana saurin girma, ni ma ina yaba shi, amma a cikin kududdufi. Na taɓa tsayawa bakin wani bayan ruwan dare, gaɓa ta ɓalle, mai shi na bin kifinsa da kwando cikin gonar shinkafa. Waɗanda suka kai rafi sun tafi kenan, za su yi gogayya da na gida a kan abinci, wasu su gauraya da su.

Ku ɗaga gaɓa tun kafin Agusta, ku sa raga mai ƙananan ido a bakin magudana. Ragowar 'ya'yan kifin da ba a saya ba kuma, kada a juye su a kogi ko madatsa. A nemi malamin gona na yanki a ji inda za a kai su.