Waiwaye: yadda marubuta suka shekara ɗari suna neman wanda ya kunna wutar 1914

Littattafan farko da aka buga kan dalilin Yaƙin Duniya na Ɗaya gwamnatoci ne suka fitar da su, ba masana tarihi ba, kuma tun ana tsakiyar ɗauki ba daɗi. A watan Agusta na 1914 Jamus ta fito da Farin Littafi, Birtaniya ta fito da shuɗi, Rasha mai ruwan goro, Faransa kuwa ta biyo baya da mai ruwan ɗorawa a ƙarshen shekara. Kowanne tarin wasiƙun jakadu ne da aka tsince aka tankaɗe, duk takardar da za ta tona asirin gida aka bar ta a durowa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Abin da ya mayar da zancen gardamar da ta ƙi ƙarewa shi ne sashe na 231 na yarjejeniyar Basai (Versailles) ta sulhu bayan yaƙin, wadda aka sa wa hannu ranar 28 ga Yuni 1919, shekara biyar cif bayan harbe yariman Ostiriya a Sarayebo. Sashen ya ɗora wa Jamus da ƙawayenta alhakin ɓarnar yaƙi. Kalmar "laifi" ba ta cikinsa, amma haka Jamusawa suka karanta shi, musamman da aka yanka musu diyyar mak (kuɗin Jamus) biliyan 132 na zinari a 1921. Sai lissafi ya fito fili: in aka rushe zargin, an rushe tushen bashin.

Ma'aikatar harkokin wajen Jamus ta buɗe ofishi na musamman don wannan aiki kaɗai. Tsakanin 1922 da 1927 ta buga takardun diflomasiyyarta tun daga 1871, juzu'i 40 cikin littafi 54. Aiki ne na gaske, har yau ana amfani da shi, sai dai da manufa aka zaɓi abin da ya shiga. Kuma wanda ya riga buɗe taskarsa shi ya tsara yadda za a yi tambayar. Masanin da ke zaune a Amurka yana son rubutu a lokacin, takardun Jamus ne jibge a gabansa, sai na sarkin Rasha da 'yan Bolshebik, masu juyin juya halin Rasha, suka fara fallasawa tun 1917 don su kunyata tsohuwar gwamnati. Birtaniya ba ta fara fitar da nata ba sai 1926, Faransa sai 1929. Ba mamaki da masanin Amurka Sidney Fay ya rubuta a 1928 cewa alhakin na kowa ne, takwaransa Harry Elmer Barnes kuma ya zarce, ya jingina shi ga Faransa da Rasha. Kafin 1930 ta yi nisa, ra'ayin da ya zauna shi ne ba wanda ya so yaƙi, zamewa kawai ƙasashe suka yi suka afka. Lloyd George, tsohon firaministan Birtaniya, ma haka ya faɗa a littafin tarihin rayuwarsa.

Akwai wanda bai yarda ba. Luigi Albertini, tsohon editan jaridar Italiya Corriere della Sera da 'yan Fasist na Mussolini suka raba da kujerarsa, ya shafe ragowar rayuwarsa yana bin takardu yana tuntuɓar waɗanda suka rage da rai cikin masu hannu a rikicin. Juzu'insa uku sun fito a 1942 da 1943, bayan rasuwarsa, lokacin da duniya ba ta da kunnen sauraron tsohon yaƙi. A ganina har yau ba a yi wanda ya bi kwanakin Yuli 1914, jajibirin ɓarkewar yaƙin, dalla-dalla kamarsa ba.

Sai 1961. Fritz Fischer, malami a jami'ar Hambug, ya shiga taskokin da ke Fotsdam a Jamus ta Gabas, ya fito da takardar 9 ga Satumba 1914 daga ofishin shugaban gwamnati Bethmann Hollweg. A cikinta an jera abin da Jamus ke so in ta ci yaƙi: a karya Faransa, a mayar da Beljiyam 'yar amshin shata, a haɗa tsakiyar Turai ƙarƙashin tattalin arzikin Jamus, a kafa babban yankin mulkin mallaka a tsakiyar Afirka. Fischer ya ce shugabannin Jamus da idonsu buɗe suka rungumi haɗarin yaƙi. Ƙura ta tashi. Dattijon masana Gerhard Ritter ya yi masa ca, a 1964 kuma gwamnati ta janye kuɗin tafiyarsa ta laccoci a Amurka, sai da malaman can suka nemo masa wasu. Ba 1914 ce ta tayar wa masu sukar Fischer da hankali ba. In burin mamaya ya girmi Hitler, to ba za a ce Hitler tsautsayi ne da ya faɗo daga sama ba. (Fischer kansa ya taɓa riƙe katin jam'iyyar Nazi, abin da ya ƙara wa maganar yaji daga baya.)

A Amurka damuwar daban ce. Littafin Barbara Tuchman na 1962 kan watan farko na yaƙin ya nuna shugabanni da tsarin janar-janar ya ɗaure wa hannu, Shugaba Kennedy kuma ya karanta shi 'yan watanni kafin rikicin makamai masu linzami na Kyuba.

Da cika shekara ɗari ta ƙarato, Christopher Clark ya fito da The Sleepwalkers a 2012. Ya ƙi tambayar "wa ya yi", ya koma ga "ta yaya", ya kuma buɗe labarin da kisan sarkin Sabiya a Belgired a 1903, ba da Balin, babban birnin Jamus, ba. Fassarar Jamusanci ta yi kasuwa ƙwarai, almajiran Fischer suka ce wanke Jamus ake yi. A Sabiya kuwa an ji zafinsa. A ƙarshen Yuni 2014 Sabiyawan Bosniya suka kafa gunkin Gavrilo Princip, matashin da ya harbe yariman Ostiriya, a gabashin Sarayebo.